Guzuri da Masauki: Daga Yammacin Kano zuwa Hamburg

Hanyar da ta fita daga birnin Kano ta Kabuga, ta nufi yamma, ta ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo har ta kai Gwarzo, sa'an nan ta tsallaka ƙasar Katsina ta wajen Dayi, hanya ce ta mutanen da tafiya ba ta taɓa zame musu abin mamaki ba, domin tun kafin a shimfiɗa mata kwalta, tun ma ba a san wani abu wai shi mota ba, ƙafa da kofato sun riga sun fitar da ita. A zamanin nan, in aka ji wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa na wannan yanki yana shawara da iyalinsa a kan su je su ga wani birni na ƙasar Jamus, alhali kuwa abin hannunsu bai taka kara ya karya ba, sai a ce ai wannan ɗabi'ar 'yan boko ce, ko kuwa neman suna. Ni kuwa a ganina sabon abin da ke cikin sha'anin bai wuce jirgin sama da takardun biza ba. Tafiya da ƙaramin guzuri, miji da mata tare, abu ne da kakanninmu suka ƙware a kansa har suka yi masa ƙa'idoji. Zuwan Bahaushe Jamus kuwa, ba tare da ko anini a aljihunsa ba, ya girmi haɗewar Nijeriya ta 1914 da kusan shekara 60.

A ƙarni na 19 garuruwan yammacin Kano, irin su Gwarzo da Getso da Ƙaraye, garuruwan bakin iyaka ne, masu ganuwa da ƙofofin da ake rufewa da almuru, saboda mahaya daga Maraɗi ba su fasa kawo hari ba tun da jihadi ya kori sarakunan Haɓe na Katsina zuwa can. Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, kudu da nan, ta kuma ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta faɗi yadda ake kame mutane, da yadda dangi suke haɗa dukiya su fanso nasu. A irin wannan hali babu mai hankalin da zai saɓa jaka ya kama hanya shi kaɗai. Sai dai ayari, da madugu a matsayin shugaba, da jagaba wanda ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, da uban dawaki, da malamin ayari wanda ke zaɓen ranar tashi yana kuma riƙe da addu'a. Masu zuwa Gwanja sukan ɗora wa jakuna tufafin rini da kanwa, su yi wata da watanni suna biyan kuɗin fito a bakin kogi da garama a ƙasar kowane sarki, kafin su kai Salaga su juyo da goro. Abin da galibin masu ba da labarin fatauci suke mantawa shi ne akwai mata a cikin ayarin nan, matan fatake da kuyanginsu, suna ɗaukar kaya, suna girki, suna kuma sayar da abinci ga waɗanda suka taho ba iyali. Har ma akan sami macen da cinikinta na zango shi ke riƙe da gidan kafin jarin maigida ya juya.

Guzuri kuwa aikin mace ne tun daga farkonsa. Kwanaki kafin tashi za ta surfa gero, ta wanke, ta shanya ya sha iska, ta daka shi da citta da kanumfari da ɗan barkono har ya zama gumba, wadda in an sauka ba ta bukatar wuta, sai a dama ta da ruwa, in kuwa an dace da rugar Fulani a kusa a sami nono a zuba. Za ta ƙulle kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kowanne a tsummansa, ta sa dakuwa da ƙuli-ƙuli saboda tsakar rana lokacin da ba a tsayawa, mai hali kuma ya ƙara da kilishi. Tukunya ɗaya, ƙwarya biyu, tabarma, buta, shi ke nan an gama shiri. Amma duk wanda ya san nisan Gwanja ya san babu gumbar da za ta kai mutum can. Iyakarta ta kai shi zangon da zai sami wani abin. Saboda haka asirin tafiyar mai ƙaramin hali yana wajen masauki ne, kuma a nan ne addini da al'ada suka haɗu suka yi masa gata.

Shari'a ta sanya matafiyin da guzurinsa ya yanke, wato ibnus sabili, cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. Hadisi ya tabbatar da liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka kuwa sadaka ne. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda almajiran ƙasar nan suke karanta hukuncinsu a Risala, sun ce matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina ƙasaru, sai ya cika sallarsa kamar kowa. In mai karatu ya jera waɗannan hukunce-hukunce biyu na ƙarshe, zai ga hikima a fili: kwana uku kana kan wuyan mai gida, a na huɗu kuwa ka zama ɗan gari, sai ka nemi abin yi. Zauren mai unguwa da na liman da rumfar masallaci su ne masaukin talaka. Falke mai kaya kuwa yana da fatomansa, mai gidan baƙi, wanda zai ba shi ɗaki da wurin ajiya, ya aiko masa da tuwo, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, ya kuma tsaya masa in an ba da kaya bashi. Ba ya cewa a biya kuɗin ɗaki, kuma da falke zai miƙa masa kuɗin tuwo da ya ji an ci mutuncinsa. Amma in ciniki ya faɗa yana da la'adarsa, kuma kowa ya san a cikinta aka biya ɗakin da tuwon. Wannan ita ce ƙa'idar da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu sake gamuwa da ita a Hamburg, a bakin kogin Elbe.

Inda tafiyar miji da mata ta fi fitowa sosai shi ne hanyar Makka ta ƙasa. Da yake ba a son mace ta yi doguwar tafiya ba tare da mijinta ko muharraminta ba, mutum yakan sayar da 'yan dabbobinsa, ya tasa iyalinsa gaba, su bi ta Barno da Wadai da Darfur. In guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙodago, miji yana noma ko ɗinkin hula ko karantar da yara, mata tana tuya ko kitso, har su tara na zango na gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar da suka yi hijira sun kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, daga 1925 kuma gonakin auduga na Jazira suka zama wurin da mahajjatan Yamma suke neman kuɗin tsallaka Bahar Maliya. Waɗansu sun yi shekaru kafin su ga Ka'aba, waɗansu sun komo da 'ya'yan da aka haifa a hanya, waɗansu kuma jikokinsu suna Sudan har yau.

To, ana cikin wannan zamani na ayari da zango sai ga wani Bajamushe ya iso Kano, shi ma a matsayin ibnus sabili, ko da yake ba Musulmi ba ne. Sunansa Heinrich Barth, an haife shi a Hamburg a 1821, ya karanta Larabci, ya kuma kira kansa Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da James Richardson da wani ɗan garinsu, Adolf Overweg. Suka ƙetare Sahara daga Tarabulus, suka rabu a Damargu a farkon 1851, kowa ya kama tasa hanyar. Barth ya bi ta Tasawa ya shiga Katsina, inda Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki yana neman gaisuwar da ta fi ƙarfinsa, sa'an nan ya biyo ta Kusada da Bichi, arewa da ƙasar Gwarzo, ya shiga birnin Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Mutanen gari sun zaci Bature ba ya rasa dukiya, alhali kuwa mutumin nan bashi ya yi masa katutu. Shi da kansa ya rubuta lissafin: wuri 55,000 na dakon kayansa, 8,300 rabonsa na gaisuwar da aka yi ta bayarwa a hanya, 18,000 na hayar goɗiya da takarkari, da 31,000 na kayan da ya ci bashi a Katsina don ya sallami Sarki, jimla wuri 112,300.

Domin mai karatu ya gane nauyin wannan bashi, sai ya tuna ba a shirya wuri a zare a ƙasar Hausa, zube shi ake yi a ƙasa, mai ƙirga ya durƙusa yana jan biyar biyar da yatsunsa, yana tara su tsibi tsibi, har a cika keso mai cin 20,000. Bashin Abdulkarim ya haura keso biyar da rabi ke nan. A lokacin wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya. Kuma shi Barth ɗin ya ƙiyasta cewa da wuri 50,000 zuwa 60,000 magidanci zai riƙe iyalinsa shekara guda cikin wadata, har da tufafinsu. Ashe abin da ake binsa ya kai cin gida guda na shekara biyu. Kayan da ya dogara da su ba su yi kasuwa ba, wakilin da aka haɗa shi da shi bai gamsar da shi ba, ɗakin da aka sauke shi a wajen Dala duhu ne da shi, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi, masu bin bashi suna sallama kullum. Duk da haka, da ya ɗan sami sauƙi, ya hau doki ya zaga gari, ya hau dutsen Dala ya zana birnin, ya shiga kasuwa ya tambayi farashin kome, ya ƙiyasta mazauna birni 30,000, waɗanda sukan ninka a lokacin rani in fatake sun cika gari, ya kuma ce tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ina ganin talaucin nan nasa ya yi wa tarihi amfani, domin mai kuɗi ba ya tambayar farashi, kuma da ya zo da wadata da ba mu sami rabin lissafin da ya bar mana ba. Da ƙyar ya sallami masu binsa, ya fita zuwa Kukawa a farkon watan Maris.

A can Barno ne labarin ya haɗu da wasu yara biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne, an haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Aka kama shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa. Abbega kuwa ɗan ƙabilar Margi ne, ya ɗan girme shi. Overweg ne ya 'yanta su, da ya rasu a bakin tafkin Chadi a watan Satumba na 1852 sai suka koma hannun Barth, suka bi shi Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, har Tambutu, inda Shaihu Ahmad al-Bakka'i ya ba shi amana ya kare shi wata da watanni daga masu neman ransa. Da suka komo Kano a watan Oktoba na 1854 hannun Abdulkarim ya sake bushewa, a Turai ma an riga an baza labarin ya mutu, sai da ya ci bashi wajen fataken Gadamas a kan zai biya ninki biyu a Tarabulus. Wannan kam riba ce tsagwaronta, ko da wane suna aka kira ta, kuma tana nuna abin da ke samun baƙon da ba shi da fatoma na gaskiya. Da kuɗin nan suka kama hanyar gida, gidansa shi, ba nasu ba: Kukawa, Bilma, Murzuk, Tarabulus a ƙarshen Agusta na 1855, sa'an nan jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, jirgin ƙasa ya ratsa da su Faransa, suka shiga Landan ran 6 ga Satumba.

A farkon Oktoba Barth ya kai su Hamburg wajen mahaifinsa, wanda ɗan kasuwa ne, da sauran danginsa. Birni ne na fatake kamar Kano, sai dai nasu ayarin a kan ruwa yake, jiragen teku suna hawowa kogin Elbe har cikin gari; kuma da yake gobarar watan Mayu na 1842 ta cinye babban yanki na tsakiyarsa, yawancin abin da yaran suka gani a nan sabon gini ne. Tun 1846 akwai jirgin ƙasa tsakaninsa da Berlin, can ma an kai su. Dorugu, yaron da bai wuce shekara 16 ba, wanda aka taɓa sayarwa a kasuwa, ga shi yana kwana a gidan attajiran Jamus, ana taruwa ana kallonsa, shi ma yana kallonsu. Kuma kallon nasa ba na ƙauyanci ba ne. Ya lura da yadda Jamusawa suke son taba, har da yara ƙanana. A Ingila kuma ya bayyana yadda ake zaman cin abinci a gidan manya, da yadda kowane namiji yake kama hannun mace ya kai ta wurin zama, da yawan cokula da wuƙaƙe, cikin natsuwa irin ta wanda yake ba da labarin al'adun wata ƙabila ta bayan dutse. Mun saba Bature ya zo ya rubuta yadda muke ci da yadda muke aure. A nan kuwa Bahaushe ne ya je ya yi musu irin wannan, kuma bai yi musu ƙarya ba.

Yaran ba su biya kuɗin jirgi ba, ba su biya na ɗaki ba, ba su biya na abinci ba. Amma la'ada tana nan. Barth yana bukatarsu saboda aikinsa na harsuna, suna kuma zame masa shaida a gaban jama'arsa cewa lalle ya je inda ya ce ya je. Da aka shirya mayar da su gida a 1856 sai wani limamin mishan, James Frederick Schön, shi ma Bajamushe ne asalinsa, wanda ya taɓa hawan Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya ɗauke su zuwa gidansa a Ingila, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Schön ya zaunar da Dorugu yana magana shi yana rubutawa, labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da kalmomi, kuma da wannan taimako ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, inda labarin tafiyar yake. An kuma yi musu baftisma su biyu. Wato abin da suka biya masauki da shi shi ne harshensu da addininsu, kuma ban san fatoman da ya taɓa karɓar la'ada mai tsadar wannan a Salaga ba. Abbega ya komo a 1857, ya koma Musulunci, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja a 1896. Dorugu ya zauna can sai 1864.

Bayan kusan shekara 30 aka sake yin irin wannan, amma da manyan mutane. Eduard Robert Flegel, wanda ya yi yawon Binuwai da Adamawa, ya koma Jamus a 1884 tare da madugai biyu da suka yi masa jagora, Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari. Waɗannan ba yara ba ne, mutane ne da suka san kan hanya da kan ciniki, suka saba zama gaban sarakuna. Sun yi hunturu a Berlin, kuma a daidai watannin nan, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, wakilan ƙasashen Turai suna zaune a birnin suna tsara yadda za su raba Afirka, har da hukuncin kogin Kwara da Binuwai waɗanda madugan nan suka fi duk wanda ke zauren sani. Ba wanda ya kira su shawara. Flegel ya buga ɗan littafi na labarinsu a Hamburg a 1885. Muradinsa shi ne ya nuna wa attajirai da hukumar ƙasarsa cewa yana da mutane a ƙasar Hausa, don a ba shi kuɗin kafa wa Jamus ciniki a Binuwai. Amma kamfanin George Goldie ya riga shi, ya aika Joseph Thomson Sakkwato da Gwandu a 1885 ya komo da takardun yarjejeniya, shi kuwa Flegel ya rasu a 1886 bai cim ma burinsa ba. Abin lura kuma shi ne duk waɗannan baƙi huɗu maza ne. Matan da suka taka har Gwanja da Makka ba a gayyace su Jamus ba, domin mai gayyatar ba shi da abin da zai samu a wajensu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, mota ta kashe ayari, zango ya zama tasha. Mutanen Kabo ma suna da nasu hannu a wannan juyi, domin ɗansu ne, Jarman Kano Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai, har tafiyar da kakanni suke yi a shekaru ta koma ta sa'o'i kaɗan. Muryar Jamus kuma tun 1963 take magana da Hausa, da fari daga Kolon, yanzu daga Bonn, saboda haka manomin Getso ya san sunayen biranen Jamus tun bai ga taswirarsu ba. Sai dai sauƙin hanya ya zo da nasa sharaɗin. A da mutum yakan tashi da abin da yake da shi, ya nemi sauran a hanya. Yanzu kuwa sai ya tabbatar wa ofishin jakadanci yana da dukan abin da zai ci kafin a bar shi ya tashi, kuma bizar ziyara ba ta halatta masa yin ƙodago. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga kowane baligi, wato 180 ga miji da mata, kuma ba a mayarwa in an hana; ga inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar Yuro 30,000; ga shaidar wurin kwana da ta abin da ke banki.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne fatoma bai mutu ba, shiga takarda ya yi. Dokar Jamus ta yarda mazaunin ƙasar ya je ofishin baƙi na garinsu ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyin wane da matarsa, cinsu da kwanansu da maganinsu, har da kuɗin mayar da su gida in sun ƙi komawa. Ma'auratan da suka sami mai yi musu wannan, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko suruki, sun huta da mafi nauyin kuɗin tafiya, domin a biranen Turai gado da abinci su ke cinye guzuri. Sauran kuwa dabara ce irin ta kaka da kakanni. Su yi girkinsu da kansu. Su nemi tikitin wata guda na jiragen ƙasa na kusa da motocin gari, wanda aka fara a watan Mayu na 2023 a kan Yuro 49, ya kuma hau tun daga nan. A Hamburg har jiragen fito na tashar ruwa suna cikinsa. Ramin da aka haƙa ƙarƙashin Elbe a 1911 mai ƙafa yana bi kyauta, titin da aka sa wa sunan Heinrich Barth kuma ba a biyan kome a taka shi. Wanda ba shi da mai gida akwai gidajen kwanan matafiya masu araha, waɗanda wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, ya faro tunaninsu a 1909 saboda ɗalibansa. Sai dai a tambayi la'ada tun kafin a tashi, a san abin da mai gida yake tsammani, a kuma komo ranar da aka ce za a komo. Domin wanda ya maƙale bayan bizarsa ta ƙare mai gidansa ya jefa a bashi, ya kuma rufe ƙofa ga na bayansa, falken da ya yi wa fatomansa haka kuwa a da ba ya sake samun masauki a garin.

Dorugu dai ya yi aikin tafinta shekaru da yawa bayan komowarsa, a ƙarshe ya zauna Kano, garin da ya taɓa shiga yana yaron Abdulkarim. Da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, tsohon yana cikin waɗanda suka koyar da karatun boko a cikinta, ya kuwa rasu a 1912. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nasarawa, an mai da shi gidan tarihi. Ina roƙon malaman makarantun Gwarzo da Kabo, duk ran da suka sami halin kai ɗalibai birni, su biya da su ta nan, su gaya musu sunan Dorugu da na Abbega da abin da suka gani a Hamburg a 1855. Wannan ziyara ba ta bukatar biza, kuɗin mota kawai za a nema.